Kari-Tsaye da Kunnuwan Zomayen Surukarsa

Wai an yi wani mai wanki da guga da ake ce wa Kari-Tsaye. Ba uwarsa ce ta raɗa masa ba, shi ya laƙaba wa kansa, ya bi layi yana faɗa har mutane suka gaji suka karɓa. Guga dai ya iya, wannan ba za a ƙwace masa ba. Matsalar ita ce bakinsa ya fi dutsen gugarsa zafi. Ka kawo zancen jirgin sama, ya taɓa goge wa matuƙi kaya, saboda haka ya san jirgi ciki da waje. Ka kawo zancen tiyata, ya taɓa wanke rigar likita, sauran bayani kuwa sai ka nemi wurin zama.

Shago ne ba shi da shi. A falon gidansa yake aiki, kayan mutane tuli a kan kujeru, igiyar shanya ta ratsa daga taga zuwa ƙofa. Matarsa in za ta shiga kicin sai ta sunkuya ta ƙarƙashin wandon wani ƙaton da ba ta taɓa gani ba. Ta gaji, ta kuma faɗa, ba sau ɗaya ba. Ga shi kuwa surukarsa, wadda duk layin ke kira Inna, tana da shago a bakin titi, a rufe tun da mai kemis ɗin da ke ciki ya tashi. Mutum biyu ke harin mabuɗin shagon nan: shi, da maƙwabcinsa Tela, wanda keken ɗinkinsa ke raɓe a ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo.

Rannan sai ga Inna da keji a hannu, 'ya'yan zomo huɗu a ciki, kowanne bai wuce cikin tafin hannu ba. Biyu farare, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya ruwan toka. Ɗanta ne ya kawo mata tsaraba, ita kuma tafiya ta kama ta, za ta je jinyar ƙanwarta a wani gari.

"Ga amana," in ji ta. "Ba na ci ba ne, na kallo ne. Da su nake hira tun da gidan ya zama sai ni kaɗai. Ka riƙe mini su lafiya, in na dawo sai mu yi maganar mabuɗin nan."

Kari-Tsaye yana durƙushe, kai a ƙasa kamar mutumin kirki. Jin kalmar mabuɗi sai da zuciyarsa ta yi tsalle.

"Sai dai akwai abu ɗaya game da kunnuwansu," in ji Inna. "In sun ɗan tasa..."

"Inna, kada ki wahalar da bakinki. Kunnen zomo? Ai kakana da zomaye ya yi suna. Ni kafin in iya tafiya na iya ɗaukar zomo."

"To, madalla," in ji Inna, ta haɗiye sauran maganarta, ta kama hanyar tasha.

Matarsa ta dube shi. Ta san labarin kakan nan sarai, ko kyanwa bai taɓa ajiyewa ba. Ta ce, "Maigida, da ka bari ta ƙarasa."

"Ke dai fara tunanin inda za ki sa kujerunki in na kwashe kaya."

Da farko abin ya tafi lafiya lau. Kullum da safe ya fito da kejin ƙofar gida, ya zuba ganye da karas, ya tsaya yana yi wa masu wucewa bayani. Kunnuwa takwas a tsaye cir, ya ce wannan duk tasirin hannunsa ne, shi abin da ya shigo wurinsa ko a lanƙwashe yake a miƙe zai fita. Mai shayin kwanar layi ya tambaye shi ko kafin su zo wurinsa a kwance kunnuwan suke. Ya ce a'a, amma da niyyar kwanciya suka zo.

Ana nan, wata safiya ya leƙa kejin, ya ga kunnen hagu na mai ruwan toka ya karkace gefe. Ya sa yatsa ya tayar da shi. Yana cire yatsa, kunne ya koma. Ya sake tayarwa, ya sake komawa. Washegari kunnen ya sauka gaba ɗaya yana lilo a gefen kumatu, na dama kuwa yana tsaye abinsa, kamar ba su san juna ba.

Tela ya leƙo daga rumfarsa da zare a baki. "Injiniya, wannan sigina ya sa? Hagu zai shiga?"

"Hutawa yake. Zomo mai hankali ba ya aiki da kunne biyu lokaci guda."

"Allah sarki. Ga farin can ma ya fara hutawa."

Ya juya, ai kuwa gaskiya ne. A ransa yana ganin Inna ta dawo ta tarar da zomayenta a yamutse, yana ganin mabuɗi a hannun Tela. Amma fuskarsa ko gezau. Ya ɗauki kejin ya shige gida, ya ce iska ta yi yawa.

A ciki ya zauna ya yi nazari irin na masana, ya gano cutar: rashin sitaci. Kwalar riga in ta yi laushi me ake mata? To kunne ma ai kwala ce, a kai kawai aka ɗinka ta. Ya dama sitaci mai kauri, ya bari ya huce, ya shafe kunnuwan tas. Sannan ya fara hura gawayi a dutsen guga.

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi. "Wannan wutar ta mece ce?"

"Ɗan ɗumi kawai, sama-sama, ta bayan ƙyalle."

"Wallahi dutsen nan ya matso kusa da su, yanzu zan kira Inna a waya, ka yi mata bayanin sama-sama da bakinka."

Ya ce da ma gwada ta yake yi, ya ga ko tana da tausayi. Ya ajiye dutsen, ya ɗauko mafici ya yi ta fifita har sitacin ya bushe. Kunnuwa suka tsaya ƙiƙam. Ya fito da kejin waje da sauri, ya ƙwala wa Tela da mai shayi kira su zo su ga aiki. Kafin su iso, zomayen sun gano cewa sitaci abinci ne. Wannan ya hau kan wancan yana lasa, wancan ya kama na kusa da shi. Mutane suka taru suka tarar da zomaye huɗu suna suɗe juna, kunnuwa na zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙara musu," in ji mai shayi. "Ba su ƙoshi ba."

Bai karaya ba. Ya yanko kwalin da ake sa wa kwalar sabuwar riga, ya yi wa kowane kunne tokari, ya ɗaure da zare. Suka cinye kwalin, suka bar masa zaren. Ya kawo tsinken tsintsiya, suka cinye. Ya rataya zare daga rufin kejin ya maƙala kunnuwan a sama, irin yadda ake shanya safa. Zomayen suka zauna suna dubansa na ɗan lokaci, sannan suka ciji zaren suka koma barci. Kullum ƙiba suke, kullum kunnuwan na ƙara tsawo suna ƙara sauka. Mai ruwan ƙasa har taka nasa yake yi in zai juya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne lafiyarsu ƙalau, ci suke suna tsalle, babu wanda ya damu da halin da yake ciki.

Layi kuwa ya samu abin yi. Mai kayan miya ta ce zafi ne, a ba su ruwan sanyi. Mai faci ya ce iska ce ta zuƙe, a kawo ya duba inda ya huje. Wani mai kawo wanki ya tarar da gashin zomo a babbar rigarsa, ya tambaya ko wannan ma cikin aikin ne. Kari-Tsaye ya ce sabon yayi ne, manya ke so.

Daga nan dabara ta faɗo masa, irin wadda in ta zo wa mutum gara ya kwanta har ta wuce. Tela yana da zomaye a bayan gidansa, na gida, masu kunne kamar an kafa mashi, kuma sun haihu kwanan baya. Zomo ai zomo ne. Inna ta bar su ƙanana, ina za ta gane?

Ya same shi a rumfa, ya sa murya ta masu taimako. "Maƙwabci, na ga yaranka suna son waɗannan nawa. Ni kuma ba na son ganin yaro yana leƙe. Mu yi musaya, huɗu da huɗu."

Tela bai ɗaga kai daga keke ba. "In ba ka masu lafiya, ka ba ni waɗanda suka narke?"

"Ba narkewa suka yi ba, ladabi ne da su."

"Ladabin ya yi yawa. Sai da ciko."

"Cikon me?"

"Dutsen gugar nan naka babba, mai zakara a kai. Nawa ya huje."

Dutsen nan shi ne abin alfaharinsa, shi ke fitar da karin da ya ci sunansa. Amma ya auna dutse, ya auna shago a bakin titi, ya ga in ya shiga shago na lantarki ma zai saya. Ya miƙa. Ya dawo gida da zomaye huɗu, uku farare ɗaya ruwan ƙasa, kunnuwa kamar su huda rufin keji. Yana dariya ƙasa-ƙasa, wai ya yi wa Tela wayo.

Matarsa ta leƙa ta ce, "Ina mai ruwan tokan?"

"Yana nan tafe," in ji shi. Ya dama bular wanki, ya sa soso ya shafe ɗaya daga cikin fararen. Zomo ya fito shuɗi shar, kalar rigar 'yan makaranta. Ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce in ya bushe zai yi toka. Ya bushe, bai yi ba.

Da la'asar sai ga wayar Inna. Ya durƙusa a tsakiyar falo ya amsa, ko da yake ba ganinsa take ba. Aka gaisa, aka tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi, jibi ma tana hanya.

"Yaya 'yan amanata? Kunnuwan sun faɗi kuwa?"

Ya gyara murya. "Faɗuwa, Inna? A hannuna? Ko ɗaya. Takwas ɗin nan a tsaye suke kamar sojoji."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ai ya kamata a ce sun sauka yanzu. Irinsu ke nan, a tsaye ake haihuwarsu, in sun tasa sai kunnen ya zubo har ƙasa. Wani ma ɗaya ke fara sauka, ɗayan ya biyo baya. Don wannan kunnen nake sonsu, shi ne duk kyansu. Ba kai ka ce ka sani ba?"

"Na sani mana, Inna. Gwada... wato, nufina sun kusa. Yau ko gobe."

Ya ajiye waya, ya zauna daɓas a kan kayan mutane. Matarsa ta ji komai. Ta dubi igiyar shanyar da ta ratsa falonta, ta dube shi, idonta ya ciko. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo. Ya ji kunya ta gaske, amma ba ta daɗe ba, don ba ta saba zama a jikinsa ba.

Ya garzaya wurin Tela. Ya tarar da mata biyu masu kawo ɗinki sun tsuguna gaban kwando suna shafa zomayen Inna, suna cewa kai, wannan abu da kyau yake, kamar 'yar tsana.

"Maƙwabci, raina ya kasa kwanciya. Na cuce ka, na ba ka marasa lafiya. Kawo su in karɓi kayana, ni mutum ne mai tsoron haƙƙi."

"Na yafe maka, duniya da lahira."

"Kada ka yafe. Ban cancanta ba."

"Na riga na yafe, Injiniya, ba a warwarewa. Kuma tun da suka zo ɗinki ya ƙaru. Gaishe da masu mashi."

Ya dawo gida, yanzu aiki ya juye: kunnuwan da ke tsaye ake so su kwanta. Ya jiƙa su da ruwa, suka kaɗa kai suka fesa masa a ido. Ya yi musu nasiha. Ya ɗauko hankicin wani mai kawo wanki guda huɗu, ya ɗaura wa kowanne ɗankwali, ya ƙulle a ƙarƙashin haɓa. Mai shayi ya leƙo ta taga, ya ga zomaye huɗu a jere da ɗankwali, ɗaya shuɗi. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce ashe baƙi aka yi, a gaishe su da hanya.

Ranar dawowar Inna ya koma ga abin da ya sani. Ya ce sitaci ba ruwansa da sama ko ƙasa, inda ka ajiye abu nan yake riƙe shi. Ya dama mai kauri fiye da na farko, ya manne kunnuwan a kumatu, ya fifita suka bushe, ya cika kejin da karas don bakinsu ya samu abin yi. Ya sa rigarsa mai kari, ya ɗauki keji ya kai ƙofar shagon da kansa, wai a yi komai a wuri ɗaya. Ya kuma gayyaci layi kaf su zo su shaida. Da ya yi abinsa a cikin gida, da ƙila abin ya tsaya a cikin gida, amma ina!

Inna ta sauko daga mota, ya karɓi jakarta ya durƙusa. Ta sunkuya gaban kejin, ta gyara tabarau.

"Sun girma," in ji ta.

"Kulawa ce, Inna."

"Fuskarsu ta yi tsawo."

"Tunaninki ne ya sa su rama ta nan."

"Wannan kuma me ya same shi ya zama shuɗi?"

"Haka ruwan toka yake yi in ya ji daɗi. Kakana yana da irinsa."

Ta sa hannu ta ɗauko shuɗin, ta shafa bayansa, ta dubi tafinta. Ta shinshina. Ta shafa kunnen, ta ji yana ƙaras-ƙaras kamar kwalar ɗan sanda. Ta mayar da shi. Karas kuwa ya ƙare. Mai ruwan ƙasa ya matso ya fara lasar kumatun na kusa da shi.

Fit! Kunne ɗaya ya tashi.

"Gaisuwa ce," in ji Kari-Tsaye. "Ya gane ki."

Fit! Wani ya tashi. Ya sa hannu ya danne wannan, wancan ya miƙe. Ya danne da ɗayan hannun, ya rasa na uku. Daidai nan wata babbar mota ta danna oda a titi, sauran kunnuwan suka tashi gaba ɗaya, garin sitaci na tashi. Kunnuwa takwas cir, suna juyawa suna sauraren duniya.

Layi ya fashe. Mai faci ya zauna a kan taya yana riƙe ciki. Mai kayan miya ta ce wayyo haƙarƙarinta. Mai shayi kaɗai bai yi dariya ba, ya ce shi dai shaida ne, abin da ya shigo hannun mutumin nan a miƙe yake fita, bai taɓa ƙarya ba.

Sai ga Tela ya ratso taro, sanye da riga mai kari irin wanda dutse ɗaya ne kawai a layin ke fitarwa, kwando a hannu. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Inna. Zomaye huɗu suka ɗago kai, kunnuwa na jan ƙasa, mai ruwan toka a gaba.

"Inna, sannu da hanya. Ga 'yan amanarki. Na ga ana neman wulaƙanta su, na ce ba a gabana ba. Ni ba don komai na yi ba." Yana faɗa yana satar kallon ƙofar shago.

Inna ta ɗauki mai ruwan tokan ta rungume, ta yi ta shafa kunnen, tana ce masa sannu, sannu, kun ga duniya. Sai da ta gama sannan ta juyo kan Tela.

"Ba don komai ba, sai don dutsen guga," in ji ta. 'Yarta ta riga ta gaya mata komai a waya tun da safe. "Mayar masa da kayansa, ka kwashi masu mashinka. Shuɗin ka wanke shi da kanka, ladan ceto ke nan."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro mabuɗi. Kari-Tsaye yana durƙushe, gumi ya karya karin rigarsa. Ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, har ya fara juyowa ya ga ko Tela na kallo.

"Tun a mota nake tunanin inda zan sa su," in ji Inna. "Sun girma, keji ya yi musu kaɗan. Shagon nan akwai iska, akwai fili. Nan za su zauna. Kai kuma, tunda gadon kakanka ne, safe da yamma ka buɗe ka share musu kashi, ka canza ruwa. Ko hankici na gani an shanya a ciki, na karɓe mabuɗina."

"Inna, to gugar fa?"

"A falo, inda take." Ta juya ga 'yarta. "Kin ji dai. Ki yi haƙuri, 'yar nan, ni ma na so miki."

Matarsa ta ɗauki jakar uwarta, ta wuce ta gabansa ba ta ko dube shi ba. Taro ya watse. Ya rage daga shi sai mabuɗi sai mai shayi, wanda ya tsaya yana goge kofi.

Kari-Tsaye ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara kwala. "Ka dai gani da idonka," in ji shi. "Duk layin nan ni ta zaɓa."

"Na gani," in ji mai shayi. "Tsintsiya gare ka, ko in ara maka?"